Guɗar da ba ta shiga memori ba

Muna fitowa daga kasuwar Wudil a tsohuwar motar Baba na jona masa memori. Kaset ɗin kalangun bikin yayata ne, na shekarar da soja suka miƙa mulki. Mai tura waƙoƙi ya matse shi cikin memorin, ya tace hayaniyar.

"Baba, ka ji yadda ya fito tas?"

"Ya fito. Amma bayan kirarin amarya akwai guɗa, ta mahaifiyarku. Ina take?"

Ashe da hayaniyar aka kwashe ta.

Na cire memorin, na mayar da ainihin kaset ɗin. Yana ta shuuu, sai ga muryar marigayiya. Baba ya rage gudu.

Ku fa, wace hayaniya ce ba za ku yarda a goge muku ba?