Ƙusar Tagulla da Na Cire a Bakin Teku

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka binne yayana Haruna a nan Makka, kuma har yau akwai wani abu nasa a aljihun motata da ban taɓa nuna wa kowa ba sai a watan jiya. Ƙusa ce ta tagulla, tsawonta bai fi ɗan yatsa ba, kanta a mulmule kamar maɓallin riga. A kanta aka kashe shi. Ni kuwa ƙaninsa Salisu, da yake kira Sale, direban kabu-kabu mai saurin hannu da ƙarancin tunani, ni na ƙarasa ɓarnar da masu dukansa suka fara.

Bari in fara da aikinsa, don ko maƙwabtanmu na unguwar Hindawiyya ba su taɓa gane masa ba. Suna tsokanarsa da mai gadin teku, wai kada wani ya zo ya sace ta. A gaɓar da ke kudu da Jidda akwai wata tsohuwar gadar siminti da ta kutsa cikin ruwa, a ƙarshenta ɗan ɗaki, a cikin ɗakin rijiya mai haɗe da teku. Wani gwangwani yana yawo a kan ruwan rijiyar, in ruwa ya hau ya hau, in ya sauka ya sauka, alƙalami kuma yana zana hawa da saukar a jikin takardar da agogo ke juyawa. Yaya ne ke canza takardar, ya ɗaure agogon, ya kankare katantanwar da ke toshe bakin rijiyar, safe da yamma ya karanta sandar awo da idonsa ya rubuta a littafi. Shekara ashirin da biyu yana wannan. Sunansa bai shiga takardar kowa ba, tunda ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Wani injiniya ne ke da aikin a hukumance, yakan zo sau ɗaya a wata ya kwashi takardun.

Yaya mutum ne da ba ya ɓoye kuskurensa. In ya makara, sai ya rubuta a gefen shafi cewa ya makara. In tawada ta ƙafe ya rasa awon rabin yini, ya rubuta. Nakan yi masa dariya in ce wa zai sani. Sai ya ce wanda zai karanta bayan mun mutu yana da haƙƙin sanin inda aka yi tuntuɓe.

Ƙusar kuwa tana kafe a simintin gadar, taku kaɗan daga ƙofar ɗakin. Ya sha gaya min cewa duk awon daga kanta yake farawa. Na'ura ta lalace a sayo wata, ɗakin ma ya rushe a gina wani, amma kafin a bar wurin dole masu awon ƙasa su zo su ɗauki tsayin kan ƙusar su kai shi sabon wuri. In ba haka ba, awon da da na yanzu ba za su taɓa haɗuwa ba, kuma ba mai iya cewa teku ce ta hau ko ma'aunin ne ya sauka. Yana wannan bayanin, ni ina cin soyayyen kifi. Abin da kawai ya shiga kaina shi ne ƙusar tana da daraja.

Sai wani kamfani ya karɓi gaɓar zai yi gini. Aka kwashe na'urar, injiniyan ya ce wa Yaya ya tsare ƙusar har masu awo su zo. Masu gadin kamfanin kuma aka ba su umarnin kada a bar kowa. Ranar Alhamis da tsakar rana na isa in ɗauko shi, na tarar da katafila ta fara cin gindin gadar, shi kuma yana zaune daram a kan ƙusar, ya naɗe ƙafa kamar mai jiran liman.

Su huɗu ne a kansa. Ɗaya ya ja shi da wuyan riga har ta yage, ya koma ya zauna. Na biyu ya haure shi a haƙarƙari. Ina jin muryarsa yana cewa, "Ya jama'a, kwana huɗu kawai, injiniya yana zuwa." Sai na ukun ya ɗaga bututun ƙarfe ya sauke masa a gadon baya, ya sake saukewa, ya sake. Yaya ya kife, amma a kan ƙusar ya kife, ya rufe ta da cikinsa. Ban san lokacin da na zaro sifanar taya ba. Na sami mai bututun a hannu, na ji ƙashin ya amsa, na juya na fasa wa wani baki. Da shugabansu bai rugo yana ihu ba, da a ranar an yi gawa fiye da ɗaya, kuma ba na jin zan damu ko tawa ce.

Ba mu kai shi asibiti ba. Duk wanda ya zauna a garin nan ba takarda ya san dalili: tsoron a gama yi maka magani a miƙa ka gidan tarhil, a kora ka ƙasar da ka bari tun kana saurayi. Muka kai shi ɗakin wani ɗan'uwa a unguwar Ka'akiyya, aka kira mai ɗori. Yana tari jini yana fita, amma duk farfaɗowar da zai yi tambayarsa ɗaya ce: "Sale, ƙusar tana nan?"

Tambayar ta ci min rai. Na ce a zuciyata, wallahi waɗannan azzalumai ba za su same ta ba. Ranar Juma'a, lokacin da mutanen kirki ke sahu, masu gadin ma sun tafi masallaci, ni ina durƙushe a kan gadar da guduma da cizal. Jininsa yana nan ya bushe a simintin. Na dinga dukan wurin kamar su nake duka, har fatar yatsuna ta saɓule, har ƙusar ta fito da guntun siminti a gindinta. Na tuƙo mota zuwa Makka ina jin kaina wani gwarzo.

Na sa masa ita a tafin hannu. Ya duba ta, ya dube ni. Mutumin da ba ya iya ɗaga kofin ruwa ya tattara abin da ya rage masa na ƙarfi ya kifa min mari, karo na farko tun ina yaro. Ya ce, "Kaico, Sale. A can ne take awo. A nan ƙusa ce kawai." Bai ƙara yi min magana ba. Ranar Lahadi da hantsi ya cika.

Daga baya na ji cewa dukan ya tsorata kamfanin, sun dakatar da rusau. Ranar Litinin injiniyan ya zo da masu awo, suka tarar da gadar a tsaye da rami a inda ƙusar take. Kowa ya ɗauka masu gadin ne suka cire don tagullar. Na bar su a haka shekara goma sha huɗu, kuma kunyar wannan shirun ta fi min marin zafi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. An ce na'urorin yanzu ba takarda ba alƙalami, daga sama suke auna ruwan su aika wa kwamfuta. Ina jin zai yi murna, sannan ya tambaya wa ke duba ƙusarsu. Zai kuma so ya ga Safiya, 'yarsa, da ya bari tana 'yar shekara tara. Uwarta ta tafi da ita ƙasarmu, yarinyar ta yi karatun teku, yanzu aikinta shi ne ta jera awon shekaru masu yawa daga tashoshi irin na ubanta don ta gano ko teku tana hawa, da yadda take hawa.

A watan jiya ta zo Umra. Na ɗauko ta daga tashar motar Kudai, tana gaban mota ta buɗe kwamfutarta. Ta nuna min layi biyu, ɗaya na shekarun ubanta, ɗaya na sabuwar tashar da aka gina daga baya, da fili a tsakaninsu. Ta ce irin wannan bincike sai da shekaru masu tsawo yake yin magana, kuma da layukan sun haɗu, da gaɓar nan ta ba da amsa. Amma nasa yana reto ne ba gindi, don haka an ajiye shi gefe. "Baffa, aikin Baba tsaf yake, ko rana ɗaya bai yi ƙarya ba," in ji ta. "Allah ya isa tsakanina da wanda ya cire ƙusar nan."

Na gangara gefen titi na tsaya. Na buɗe aljihun motar, na miƙa mata, na faɗa mata komai. Ta daɗe tana juya ta, hawaye na zuba a kan mayafinta. Na so ta zage ni, ko ta mare ni kamar ubanta, da na fi samun sauƙi. Sai ta mayar min da ita. Ta ce, "Na janye Allah ya isa, Baffa. Amma kowace tasha tana da tarihinta, kuma a namu an rubuta ba a san yadda alamar ta ɓace ba. Ka rubuta ranar, da abin da ka yi amfani da shi, da sunanka."

To, me ya rage na Yaya Haruna? Gadar ta tafi, ɗakin ya tafi, kabarinsa ma ba alama, kamar na kowa a garin nan. Layinsa yana cikin kwamfutar 'yarsa, ta ƙi gogewa. Sai kuma halinsa na rubuta tuntuɓe a gefen shafi, wanda ya tsallake ni ya faɗa kanta, ita kuma ta dawo min da shi a gefen titin Kudai. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sa dukan da ka sha ya zama kaffara. Ga abin da ya kamata a ƙara a littafinka: ranar Juma'a, lokacin salla, kwana uku kafin zuwan masu awo, an cire ƙusar da guduma da cizal. Salisu ne ya cire.