Irin Geron Tungar Makau

Ranar wata Alhamis, bayan an gama yankan gero, a shekarar da na shiga aji uku na firamare, kakata Inna Delu ta tare ni a bakin zaure ina rataye da 'yar jakar buhun da nake zuba littattafai. Ta ce, "Angona, aje wagga jaka. Yau makarantata za ka." Ban yi gardama ba, don ranar akwai haddar lissafi, ni kuwa ba mu taɓa shiri da lissafi ba. Ta naɗa mini gammo, ta ɗora mini kwando cike da ƙananan ɗaurin zangarniyar gero, kowanne an zagaye shi da kaba. Ta ɗauki sandarta ta yi gaba, ni ina biye, kaikayi na zubo mini a wuya ina susa da hannu ɗaya. Ranar ce na fara sanin garinmu da ƙafata, gida bayan gida.

Tungar Makau ƙauye ne a kudancin Bungudu, nesa da kwalta. Idan ka hau ɗan dutsen da ke bayan gidanmu ranar da gari ya waye tas, kana hango dutsen Kwatarkwashi can gabas, shuɗi-shuɗi. Yamma da mu rafi ne mai yashi, wanda da damina yakan cika ya raba mu da duniya, da rani kuma mu tona shi da ƙoƙo mu ɗebi ruwa. Tsakanin rafin da gari fadama ce ta rake da dankali, sauran kuwa jigawa ce shimfiɗe, iyakar ganinka gero da dawa, sai kukoki da ɗorawa jefi-jefi. A makaranta malaminmu ya taɓa zana mana taswirar ƙaramar hukuma a allo. Na ɗaga hannu na tambaye shi ina garinmu, ya ce bakin allin nan ya fi garinku girma. Aka yi ta dariya, ni kuwa na kwana uku ina jin haushin mutumin nan.

Inna ta fi allon malam sanin inda muke. Muna tafe tana nuna mini da sanda. Ta ce Makau, kakan kakanmu, daga yankin Tsafe ya taso da matarsa da jaki da damin gero guda, ya sauka gindin kukar da ke bakin masallaci saboda ya ga ruwa kusa. Maƙera suka biyo shi, don inda manomi yake dole a nemi fartanya. Daga baya wasu masaƙa suka zo daga wajen Katsina suka kafa tasu unguwa, har lokacin ƙuruciyata ana ce musu Katsinawa, alhali babu wanda ya taɓa ganin Katsina a cikinsu. Sai mahauta gida biyu, sai gidan liman, sai rugar Fulani a hayin rafi, waɗanda shanunsu ke kwana a gonakinmu da rani su bar mana taki. Kowa da inda ya fito, amma geron da ake shukawa ɗaya ne, wanda Makau ya zo da shi. Ɗan Makau ake ce masa. Gajere ne, zangarniyarsa na da gashi mai tsini da ke hana tsuntsu sauka, kuma yakan nuna da wuri ko da ruwa ya ɗauke. Furarsa kuwa ƙanshinta daga zaure ake jin sa.

Al'adar da ta fito da mu ranar ita ce rabon iri. Tun gero yana tsaye a gona, maigida zai bi kunya-kunya yana duban zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaura mata kaba. Duk yaron garinmu ya san cewa zangarniya mai kaba ba ta tumu ba ce. Ka karya wadda ka ga dama ka gasa, amma mai kaba ko kallonta kada ka daɗe kana yi. Idan an yi girbi sai a ware masu kaba, a ɗaure su ƙanana-ƙanana, kowane gida ya kai wa kowane gida ɗauri guda, shi ma a ba shi nasu. A rataye su a rufin madafa, daidai saman murhu, hayaƙi na turara su ƙwari ba sa kusanta. Hikimar ita ce, ko gobara ta ci rumbunka, ko gara ta shiga maka, irinka na nan a gidan maƙwabci. Inna takan ce, "Iri bai kwana gida guda."

Haka muka yini. A gidan maƙera aka ba ni gyaɗa soyayya, a gidan liman aka shafa mini addu'a a ka, a unguwar Katsinawa wata tsohuwa ta ce Inna ta yi dacen miji sai dai ba ya wanka. A kowane gida sai Inna ta zauna ta tambayi wanda aka haifa da wanda ya rasu da wanda ya tafi cin rani, kamar ba jiya suka haɗu a rijiya ba. Idan na ƙosa ina jan zanenta sai ta ce zumunta a ƙafa take. Kwandon bai taɓa raguwa ba, don duk ɗaurin da muka sauke sai an maye mana gurbinsa. Da la'asar muka ƙetare rafi zuwa ruga, aka cika mini ƙwarya da kindirmo, na sha har cikina ya yi ƙato.

A hanyar komowa ne, da muka zauna hutawa a gindin wata ɗorawa, na tambaye ta me zai faru in mutum ya ji yunwa ya ci irin. Sai ta ba ni labarin shekarar fari, tun babana yana ɗan yaye. Ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone a tsaye, rumbuna suka koma fayau. Aka ci dusa, aka ci tafasa da rama ba ƙuli, aka tona gidajen tururuwa ana neman ƙwaya. Tana da 'yar jaririya mai suna Hajo, nono ya ƙafe, yarinya ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ga ɗaurin iri rataye saman kanta a madafa, ta miƙa hannu kawai ta daka ta dama kunu. Ba ta taɓa ba, kuma duk garin babu wanda ya taɓa nasa. Hajo ta rasu saura kaɗan ruwan farko ya sauka. Inna ta ce, "Wanda duk yac ci irinai, jikokinai yac ci. Da mun ci, da ba a haihe ka ba, Angona." Ta faɗi haka idonta a bushe, ta miƙe ta kakkaɓe zane. Ni dai na ji tsoronta ranar, kuma na ji tausayinta, ban san wanne ya fi yawa ba.

Rayuwarmu duka a kan geron nan take juyawa. Ruwan farko na sauka za a sauko da ɗaurin, a sussuke a hankali da hannu, a haɗa na kowane gida wuri ɗaya. Baba na gaba da sungumi yana sara, mu yara muna biye muna jefa ƙwaya muna rufewa da diddige. In ka zuba da yawa a rami ɗaya ka sha rankwashi. Bayan shuka sai noman farko, sai maimai, sai gayya a gonar wanda ya rasa masu taimako, ana kiɗa ana zuba fura a manyan ƙore. Mu kuma tsakanin kiwon awaki da yankan ciyawa muke satar lokacin langa da kokawa a yashin rafi. Muna yin motoci da karan gero, mu sa musu ƙafafu na ƙwallon goruba, mu ce Gusau za mu. A lokacin Gusau a wurinmu ƙarshen duniya ce.

Gusau ɗin ce ta riƙe ni daga baya. Na yi karatu, na samu koyarwa a wata firamare, na kama hayar ɗakuna biyu, na yi aure. Ina nan labarai suka fara zuwa daga gida, ba masu daɗi ba. Mutanen ruga aka fara kwashe wa shanu, suka tashi ba sallama. Sannan 'yan bindiga suka fara tare hanyar kasuwa, suka hana zuwa gonakin nesa, daga baya har na kusa. Aka ɗauke mutane a bakin rafin da muke langa. Baba ya rasu a cikin wannan zaman ɗar-ɗar, hawan jini ya kayar da shi. Maƙera suka koma Tsafe, Katsinawa suka watse tsakanin Bungudu da Gusau. Ranar da aka sa wa rumbunan unguwarmu wuta, washegari na aika aka ɗauko mini Inna a bayan babur. Ta iso ba ta da ko zanen canji, amma a bayanta ta goyo ɗaurin iri guda kamar jariri.

Muka rataye shi a 'yar madafarmu, saman murhun gawayi. Duk damina sai ta tambaye ni ko hanya ta buɗe, in ce tukuna. Na san iri ba ya jira har abada, yana daɗewa yana mutuwa a ciki. Na shiga neman mutanen garinmu ko wani ya fito da nasa. Na same su a kangaye da gine-ginen da ba a ƙarasa ba, wasu na dako, wasu na tura baro, matan na wankau. Kowa na tambaya sai ya girgiza kai, nasa ya ƙone ko ya baro shi rataye. Ashe dabarar kakanninmu ta tanadi gobarar gida ɗaya ce, ba ta tanadi ranar da gari duka zai tashi ba. Iyakar sanina, na Inna kaɗai ya rage a duniya. Da ƙyar na samu wani abokin aiki ya yi mini alkawarin gefen filinsa a bayan gari. Na zo na gaya mata, ta yi guɗa da tsohuwar muryarta, ta ce ashe dai ta yi dacen miji.

Hadari ya fara haɗuwa ke nan sauran mutanen da suka rage a Tungar Makau suka iso mana da hantsi, a ƙafa, mata da yara, bayan sun kwana a daji, babu wanda ya fito da ko ɗaurin iri ɗaya. Matata ta dafa duk abin da ke gidan, aka ci aka side tukwane. Amma akwai wata yarinya, Hansatu, jikar liman, da jaririyarta a cinya. Tsoro da yunwa sun ƙafar mata da nono, jaririyar kuwa ba ta isa cin tuwo ba, sai wani siririn kuka take yi kamar na mage. Na ga Inna ta zuba musu ido ba ta ko ƙiftawa. Na ce a yi haƙuri, yanzu zan je kasuwa in auno gero a dama kunu. Na fita da sauri, amma unguwarmu da kasuwa akwai tafiya, ga rashin abin hawa.

Tun daga bakin lungu na jiyo ƙarar taɓarya. Na shigo na tarar da Inna tsaye a kan turmi, tsohuwar da ko buta sai an ɗaukar mata, tana daka tana haki. Kabar da aka kwance tana yashe a ƙasa. Ƙanshin ɗan Makau ya cika gidan. Ledar geron da na sayo ta suɓuce daga hannuna. Na ce, "Inna, irin ne fa! Ga shi na kawo, da kin jira ni." Ba ta daina dakan ba. Ta ce, "Na taɓa jira da ɗiya bisa cinya, Angona. Ba ni ƙarawa."

Jaririyar ta sha kunun da cokali, ta yi barci. Ni kuwa na durƙusa a gindin turmi ina tsintar ƙwayoyin da suka yi tsalle, ina kuka kamar ƙaramin yaro, ban damu da masu kallona ba. Abin da na tsinta bai rufe tafin hannuna ba. Ban kai shi filin abokina ba, na shuka shi a bayan ɗakinmu inda nake iya gani, na kewaye da ƙaya. Mafi yawansu ba su fito ba, 'yan kaɗan suka tsiro. Inna takan sa a kai mata tabarma kusa da su ta zauna. Ta rasu suna cikin fitar da kai, ba ta ga nunarsu ba.

Da suka nuna na sayo kaba a kasuwa na ɗaura wa waɗanda suka fi cika, yadda na ga Baba yana yi. Na yanke, na ɗaure, na fito ƙofar gida da su a hannu, sai na tsaya. A da, yini guda cur muke yi muna zaga gidajen da za mu kai wa, kuma ba ma dawowa da kwando fanko. Yanzu an ce ciyawa ta rufe masallacin, kukar Makau ce kawai ke tsaye, mutanen da ke karɓa su ba ka nasu kuwa babu mai ko taƙin ƙasa da zai shuka. Na daɗe a wurin babura na wucewa, sannan na koma ciki na rataye ɗaurin saman murhu. Bana irin garinmu a gida guda zai kwana.