Bargon da Ya Shiga Jakar Cefane

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, domin har gobe ni ba mai ɗaga murya ba ce a garin nan.

Lokacin da abin ya faru ina da 'ya'ya uku, muna zaune a ɗaki biyu cikin lungunan Hindawiyya a Makka. Ni da maigidana Umra muka zo tun da sauran ƙuruciyarmu, muka maƙale, ba igama, wato takardar izinin zama, ba wata takarda, sai rufin asirin Allah. Ni ina aikatau a gidan wasu Larabawa a Shisha, shi kuma yana tura keken tsofaffi a Harami, in Hajji ta zo ya yi dako a Mina. Ina da baki, ba na musu, a unguwarmu ko ba a nemi shawarata ba sai na bayar. Amma bakin nan iyakarsa lungu. Da na hango motar askar, wato 'yan sanda, ko tari ba na iya yi.

A shekarar aka matsa da kame, turin keke ya gagara. Maigida ya zauna a gida har ya fara faɗa da yara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sai wani abokinsa da ke aiki a gonar wardi a saman dutsen Hada, ta hanyar Ɗa'ifa, ya kira ya ce tsinkar fure ta kusa, ana neman hannu. Matsalar ita ce hanyar mota akwai shinge, ana duba takardu. Abokin ya ce akwai tsohuwar hanyar ƙafa ta cikin duwatsu, in ya tashi da la'asar ya kwana a hanya, da hantsi yana sama. Ya ja masa kunne cewa sanyin can ba irin na Makka ba ne, kuma kada ya kuskura ya saɓo naɗaɗɗen bargo a kafaɗa, don baƙin mutum da bargo a gindin dutse ya riga ya gaya wa askar ko shi wane ne. Mu kuwa bargonmu irin na tsarabar alhazai ne mai hoton damisa, wanda in an wanke sai mutum biyu ke shanya shi.

Nan na tuna da ɗan uwar ɗakina, wanda ke yawon hawan duwatsu da abokansa. Na sha ganin yana cusa wani bargo cikin 'yar jaka da ba ta fi ƙwaryar fura ba. Ya taɓa ce min gashin ƙirjin agwagwa ne a ciki, ba nauyi amma akwai ɗumi. Da na gaya wa maigida sai ya yi dariya, ya ce shi a saninsa bargon da ba ya danne mutum ba bargo ba ne. Na ce ya bar min, ni zan zaɓo.

Na tafi wani shagon kayan tafiye-tafiye. Mai shagon saurayi ne mai fara'a, ban ga laifinsa ba. Ya sauko da barguna kala biyu, siriri da mai kauri, ya shimfiɗa, ya fara tambaya. Ina za a je da shi, dutse ne ko yashi, wane wata, ana ruwa a wurin, mai tafiyar yana da shimfiɗar da zai sa a ƙasa? Shi ciniki yake yi tsakani da Allah, ni kuwa kowace tambaya jinta nake kamar a ofishin bincike. In na ce Hada, a ƙafa, mutum ɗaya, da Larabcina na Takari, me zai ɗauka? Sai na ji bakina ya ce yara ne za su fita shan iska ta hanyar Jidda. Ya ce to ai siririn nan ya ishe su, ya ture mai kaurin gefe. Ya ƙara da cewa irin wannan ba shi da baya, lulluɓa kawai ake yi, dole sai da shimfiɗa a ƙasa, kuma gashin tsuntsu ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Na ji shi sarai. Na kalli mai kaurin nan, na ga ko an matse shi ba zai shiga jakar cefanen maigida ba, ballantana a ƙara da shimfiɗa. Na karɓi siririn na fito.

A gida ya shige jakar tsaf, har da dabino da gorar ruwa a kansa. Duk wanda ya ga maigida ranar da ya fita, cewa zai yi kasuwa za shi. Har daɗi na ji, wallahi, na ce dabara ta yi.

Washegari da hantsi ina goge-goge a Shisha wayarsa ta shigo. Da ƙyar na gane muryar, haƙoransa na haɗuwa. Ya ce ruwa ya sauka a kansa a tsakiyar hanya, ya zame ya gurɗe ƙafa, ba ya iya takawa. Ya raɓe a gindin wani dutse, gajimare ya sauko ko tafin hannunsa ba ya gani sosai. Na tambaye shi bargon, ya ce ya jiƙe, gashin ya dunƙule a kusurwoyi, sai yadi kawai ya rage, dutsen da yake kai kuma kamar ƙanƙara. Na ce bari in nemi masu ceto. Sai muryarsa ta miƙe.

“Maman yara, kada ki kira kowa. In suka zo, tarhil ne. Rana za ta fito.”

Tarhil, ga wanda bai sani ba, shi ne a tsare mutum a mayar da shi ƙasarsa, kuma ba dawowa. Na kira abokin nasa, ya ce shi ma ba takarda gare shi ba, kuma a hazon nan ko wanda aka haifa a dutsen ba zai sauka ba. Na ajiye tsumma na ce wa uwar ɗakina kaina ke ciwo. Daga Shisha har gida ina ta kallon sama ta tagar tasi. Rana ƙwal a Makka, mutane na sayen ruwan sanyi, mijina kuma yana can sanyi na kashe shi. Ban taɓa jin ba ni da amfani a duniya irin na ranar ba.

Na yi azahar, na kira, ya ce da sauƙi, na san ƙarya yake. Na zauna na tashi, na ɗora tukunya na manta ban zuba ruwa ba. Babbar 'yata tana tambayata da Larabci me ya faru, na daka mata tsawa ba laifin zaune ba na tsaye. Bayan la'asar na sake kira. Wannan karon bai ce kada in kira kowa ba. Cewa ya yi zafi yake ji, zai cire riga, ya kuma kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun muna gida. Nan na gane hankalinsa ya fara gushewa. Na fita ko takalmi babu na buga ƙofar maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar Chadi wadda mijinta ke da igama. Ta saurare ni, ta ce, “'Yata, wanda aka kai tarhil ana jin muryarsa a waya.” Mijinta ya buga wa masu ceto, ni na tsaya a bayan labule ina faɗa masa kwatance.

Sun same shi kafin magariba, Allah Ya saka musu da alheri. Suka kai shi asibiti, aka ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Ban iya zuwa duba shi ba, don a ƙofa za a tambaye ni takarda. Daga asibiti aka wuce da shi tarhil, ban sake sa shi a ido ba. Yanzu yana ƙauyensu a ƙasar Kano, yana ɗingishi, yana neman abin yi a garin da ya bari tun gashinsa baƙi ƙirin. Muna waya, yana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Sau ɗaya tak ya ce min ai da na haƙura zuwa safe, har yau ban san ko in ba shi haƙuri ne ko in yi masa faɗa ba.

Abin da na koya, ya ku 'yan'uwa, duk wanda zai kwana a dutse, kada ya zaɓi bargo don ƙanƙantarsa kawai. Ku faɗa wa mai shago gaskiyar inda za ku, ku sayi na sanyin wurin, ku haɗa da shimfiɗa da abin kare ruwa. In gaskiyar ba ta faɗuwa, kamar tawa, to tafiyar ce bai kamata a yi ba. Kuma in rai na cikin hatsari, kada tsoro ya sa ku jira la'asar yadda na jira. Ni dai ina nan Hindawiyya da yara uku da ba su san wata ƙasa ba sai wannan. In na miƙa kaina a mayar da mu, na raba su da garinsu, in na zauna, na raba su da ubansu. Kullum bayan sallah sai in ce gobe zan yanke shawara, ni da nake raba wa unguwa shawara. Ku sa mu a addu'a.