Buhu Biyu na Albasa

Sahabi manomin albasa ne a wani ƙauye na bakin ruwa kusa da Wara, kuma baƙo ba ya fita gidansa hannu rabbana. In baƙo ya ƙi karɓa, ba ya gardama, sai ya faki idonsa ya cusa masa cikin kaya. Direba, mai kwalekwale, malamin gona, kowa sai ya isa gida ya tarar.

Wata shekara, lokacin Yauri na cikin Jihar Sakkwato, tsuntsayen jan-baki suka sauka kan shinkafar fadama. Aka turo ƙaramin jirgin feshi, aka share masa fako a bayan gari. Matuƙin, wani saurayi Yusha'u, a gidan Sahabi ya sauka. Bai yi rabin fadamar ba maganin ya ƙare, ya ce zai koma Sakkwato ya ƙaro.

Sahabi ya jawo buhu biyu na albasa.

"Baba, jirgin nan ba kwalekwale ba ne," in ji Yusha'u. "Ko takalmina sai na auna."

"Kai dai rowar wuri gare ka, ɗana. Abin da ya ɗauki ƙato kamarka, albasa ta gagare shi?"

Aka yi dariya. Matarsa Uwani ta ce, "Malam, yaron ga ya ce a'a."

"Kowane baƙo a'a shi ka cewa."

Yusha'u na sallama da mai gari, Sahabi ya zagaya ya tura buhunan ta ƙaramar ƙofar da ke wajen wutsiyar jirgin.

Jirgi ya sheƙa, ya ɗaga hanci fiye da yadda ya saba, wutsiya na jan ƙasa. Bai wuce tsayin giginya ba ya karkata, ya kifa cikin fadama. Aka ciro Yusha'u da rai, ƙafa ta karye wuri biyu. Albasa kuwa ga ta nan warwatse a taɓo, kowa na gani.

Wani jirgin bai zo ba. Tsuntsaye suka cinye sauran shinkafar, Yusha'u kuma bai sake tuƙi ba.

Sahabi bai daina kyauta ba har ya tsufa. Amma a ƙofar gida yake direwa, gaban baƙo. In an ce a'a, sai ya ɗauka ya mayar ciki.