Mai Agogo a Ƙofar Hasumiya

Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, inda mutum ba ya miƙewa tsaye sai ya sunkuyar da kai. Shekara talatin da 'yan kai yana nan, har bayansa ya ɗauki siffar matakalar. Mai Agogo kowa ke ce masa. A kan teburinsa kullum akwai farin ƙyalle a shimfiɗe, da hantsaki, da gilashin nan na ido ɗaya da yake maƙalawa ya koma kamar tsuntsu mai leƙen rami. Nakan kai masa agogona ko da lafiyarsa ƙalau, don dai in zauna a benci in ga hannuwansa suna aiki.

Hanyar aikinsa ɗaya ce. Idan agogo ya tsaya, ba ya zato, ba ya gaggawa. Zai cire abu ɗaya, ya ɗora a kan ƙyallen, ya gwada. In ba shi ne mai laifin ba, ya mayar da shi mazauninsa, ya cire na gaba. Ya sha gaya mini cewa a teburinsa babu abin da ake cirewa a kasa mayarwa, muddin ƙyallen fari ne kuma hannu bai yi rawa ba.

Shagon da ke jikin nasa na Injiniya ne, mai gyaran kwamfuta, mutum mai tumbi da yawan dariya. Shekara ashirin suna tsokanar juna. Injiniya, wanda Yaya yake kiransa, kan ce zamani ya wuce Yaya ya bar shi a tasha, kowa a waya yake duba lokaci. Shi kuma ya ce sana'ar da ba ta wuce a kashe a kunna ba, ai ko akuya aka ba ta shago za ta ci abinci.

'Ya'yan Mai Agogo uku ne. Biyu sun yi aure can nesa, sai Auta, wadda take aiki a kantin magani har ciwon zuciya ya zaunar da ita a gida tana da shekara ashirin da huɗu. Daga gado zuwa taga sai ta huta sau biyu. Injiniya ne ya kawo mata wata tsohuwar kwamfuta da aka taɓa bari a shagonsa ba a dawo ɗauka ba. A ciki akwai wani wasa da ya girmi Auta, duniyar takubba da matsafa da dodanni, hotunansa kamar an saƙa su da zare mai kauri.

A wasan, kai ne kake ƙera mutanenka. Auta ta ƙera biyu. Na farko gajeren tsoho ne mai doro da farin gemu, sana'arsa buɗe makullai da kwance tarko. Ta biyu yarinya ce doguwa mai mashi, mai gudu ba ta haki. Duk lokacin da suka hau sabon mataki, sai a busa wani ƙaho a ba ta maki ta raba musu: ko ƙarfi, ko sauri, ko basira, ko gwanintar hannu. Yarinyar ta sha ƙarfi da numfashi har ta ƙoshi. Tsohon kuwa hannu kawai ake ba shi, hannu, hannu, har ya zama babu ƙofar da ke yi masa gardama, amma ɓera in ya cije shi sai ya kwanta.

Da Mai Agogo ya dawo bayan la'asar, kafin ya cire takalmi za ta kira shi.

"Baba, yau ka hau mataki na goma sha biyu."

"To madalla. An ƙara mini albashi?"

Wata rana ya zauna a bakin gadonta ya kai ƙara. Ya ce a gida ba a ba shi nama mai tsoka, a cikin akwati ma an hana shi ƙarfi, wannan wane irin zalunci ne. Ta yi dariya har sai da ta dafe ƙirji.

"Me za ka yi da ƙarfi, Baba? Ai ni ce mai ɗaukar kaya."

A makonta na ƙarshe, yarinyar mai mashi ta faɗi a wani faɗa a gindin wata doguwar hasumiya. Hotonta a gefen allo ya koma launin toka. Auta ta ce babu damuwa, a can saman hasumiyar akwai mai magani da ke tayar da waɗanda suka faɗi, tsohon zai kai ta. Hanyar baya dai babu, gadar da suka ƙetaro ta ƙone a cikin labarin. Sai dai ƙofar hasumiyar ta zo da wata masifa: tsohon zai buɗe makullin tsaf, yana sa ƙafa sai allon ya yi baƙi, wasan ya mutu. Ta gwada sau uku ta gaji. Ta ce in ta ji sauƙi za ta duba. Ranar Talata da safe, mahaifiyarta na ɗora ruwan shayi, ta cika.

Wata huɗu kwamfutar tana lulluɓe da mayafinta. Maman Auta ba ta ƙara taka ɗakin ba, ko shara daga bakin ƙofa take tsayawa. Mai Agogo ne wata rana ya rufe shago da azahar, ya zo ya yaye mayafin, ya kunna. Ga tsohon a tsaye a bakin ƙofa, iska na kaɗa gemunsa, ga hoton toka a gefe.

Daga nan shagon ya koma na rabin yini. Na taɓa ce masa, cikin dabara, ko zai bar abin nan ya huta. Bai ɗago daga agogon da ke gabansa ba.

"Na san wanda ya tafi ba ya dawowa, Malam, ban haukace ba. Amma ta bar aiki a buɗe a kan tebur. Ta ce zan kai ta sama."

Injiniya ya yi masa bayani cewa irin waɗannan tsofaffin wasanni suna da nasu ciwon. Wani lokaci abu ɗaya ne a cikin jakar mutumin yake shaƙe su. Ya ce a kawo kwamfutar shago ya kwafe ajiyar Auta, wato inda wasan ya adana tafiyarta, a filash tukuna, domin guda ɗaya tal ta yi, ba ta da ta biyu. Mai Agogo ya ce ko inci ɗaya ba za a matsar da ita daga inda yarinyar ta bar ta ba. Injiniya ya bi shi gida da filash ɗin, sai ga shi tsohuwar kwamfutar ba ta da kafar da zai shiga, sai an nemo wata igiya irin ta dā. Ya ce a ba shi kwanaki, kuma don Allah Yaya kada ya taɓa komai. Mai Agogo ya ce yau kuma mai kashewa da kunnawa ne zai koya masa cire abu da mayarwa.

Abu arba'in da bakwai ne a jakar tsohon. Ya rubuta su duka a littafinsa na shago, da kyakkyawan rubutunsa mai kwanciya: igiya, tocilan itace, busasshen burodi, zobe, makullai tara, wani ƙashi da bai san amfaninsa ba. Ba da harshensa wasan ke magana ba, kalma ɗaya-ɗaya yake tsinta. Amma ya lura duk lokacin da zai ajiye abu a ƙasa sai an yi masa wata tambaya, kuma amsar hagu ita ce eh. Sai ya ajiye igiya, ya danna hagu, ya buɗe ƙofa, allo ya yi baƙi. Ya kashe, ya kunna, ya jira tsohuwar ta gama nishinta, ya tarar da igiyar ta koma jaka da kanta. Ya ja layi a littafi. Ya ajiye burodi.

Mako uku yana wannan. Abin ma ya fara yi masa daɗi, don a ganinsa wannan duniyar ta fi teburinsa kirki: ko ba ka mayar ba, ita za ta mayar maka.

Ranar wata Alhamis da hantsi ya ja layi na arba'in da bakwai. Duka ba su da laifi. Ya zauna yana duban allon yadda yake duban cikin agogo, yana neman abin da bai taɓa cirewa ba. Saura ɗaya. Hoton toka.

Ya ɗora kibiyar allon a kan yarinyar ya danna. Tambayar ta fito, wannan karon doguwa ce, layi uku, da jan rubutu. Hannun da ya danna hagu sau arba'in da bakwai bai jira shawarar kowa ba. Hoton ya ɓace. Tsohon ya taɓa makullin, ya sa ƙafa.

Ƙofar ta buɗe. Haske ya zubo daga sama a kan matakala mai murɗewa, wani kiɗa mai taushi ya tashi. A kusurwar allo wata 'yar alama ta juya sau biyu ta tafi, bai ma kula da ita ba. Sai aka busa ƙaho.

Maman Auta tana wanki a tsakar gida. Shekara biyu ƙahon nan yana nufin yarinyar ta farka, ta ji dama-dama, yanzu za ta kira wani ta yi masa albishir. Ƙafafunta suka riga hankalinta. Ta iso bakin ƙofar da kumfa har gwiwar hannu, da wata fuska da mijinta ya yi wata biyar bai gani ba. Ta dubi gadon. Ta dubi mijinta. Fuskar ta sauka a hankali, kamar ana sauke labule.

Ya ce mata ya gano mai laifin, bari ya mayar da ita yanzu. Ya kashe. Ya kunna. Tsohuwar ta yi nishinta.

Tsohon yana tsaye a cikin hasumiyar, ƙofa rufe a bayansa, shi kaɗai. Inda hoton toka yake babu komai, ko tokar babu.

Washegari Injiniya ya zo da igiyar a aljihu, ya samo ta da ƙyar, yana shigowa yana faɗin yau zai nuna wa Yaya aikin masu ilimi. Da ya ga allon sai ya ja kujera ya zauna. Tun hantsi har la'asar yana tono a cikin kwamfutar, gumi na ɗiga a kan madannai. Daga ƙarshe ya faɗa musu a hankali: alamar nan da ta juya, wasan ne ya adana kansa, haka yake yi in an shiga sabon wuri, kuma a kan ajiyar Auta ya rubuta, tunda babu wata. Jan rubutun kuma cewa yake yi wanda aka sallama ba ya dawowa, kayansa za su koma wa wanda ya rage. Ya ce laifinsa ne, da ya nemo igiyar da wuri.

"Yaya, babu ita."

"Ka kashe ka kunna mana."

Ba da tsokana ya faɗa ba. Injiniya ya dube shi, ya miƙa hannu ya kashe, ya kunna. Su uku suka jira, biyu a ciki, ɗaya a bakin ƙofa. Tsohon ya sake fitowa shi kaɗai.

Mai Agogo ya danna ya matsar da shi zuwa matakalar, don dai hannunsa ya sami abin yi. Tsohon bai motsa ba. Ya sake dannawa. Injiniya ya buɗe jakar ya nuna masa: ga mashinta, ga garkuwarta, ga takalmanta, ga salkar ruwanta, duk sun dawo kan gajeren tsoho wanda ba a taɓa ba shi ƙarfi ba. Kayan sun fi shi. Ya ce hanya biyu ce, ko a zubar da su a nan, ko a zuba masa maki biyar ɗin da ya samu da aka busa ƙaho a ƙarfi. Shi dai a ganinsa a yar da mashin kawai, tunda tsohon bai iya riƙe shi ba.

A nan ne Maman Auta ta tako cikin ɗakin. Ta tsaya a bayan kujerar, ta dafa inda mayafin yake rataye.

"Ba za a bar kayanta a ƙasa ba. Malam, ba shi ƙarfin."

Mai Agogo ya ce ai Auta ba ta taɓa ba shi ba, ko sau ɗaya, hannu kawai take ba shi.

"Lokacin tana nan ne."

Ya daɗe da kibiyar a kan wurin. Sannan ya danna sau biyar, yana tsayawa tsakanin kowanne. Tsohon ya gyara tsayuwa, mashin ya zarce kansa da kamu biyu, ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya ɗora a kan matakala ta farko.

Shagon ya koma buɗewa har yamma. Injiniya har yanzu yana tsokanarsa, amma ya daina zancen zamani. Kwanaki na tambayi Mai Agogo ko tsohon ya kai sama. Ya ce yana hawa na huɗu, a hankali yake tafiya, kayan da nauyi. Ya ce mai maganin yana can yana jira, shi kuma bai san abin da zai ce masa ba in ya isa. Sai ya maƙala gilashinsa ya buɗe bayan agogona, ya ɗauko wata 'yar ƙusa da hantsaki. Ya riƙe ta a sama da farin ƙyallen, ya riƙe, ya riƙe, kafin ya yarda ya ajiye.