Baba Shiru da Shaidun Baranda

Kullum kafin alƙalai su iso, Baba Shiru, masinjan kotun ɗaukaka ƙara, ya riga ya goge kujeru, ya jera takardu, ya tsaya bakin ƙofa yana jiran irinmu. Sunan ya bi shi ne don ko tari mutum ya yi sai ya daka masa tsawa: "Shiru!" A watan nan zai ajiye aiki.

Na san shi lokacin da aka ɗaure maigidana, Allah ya jiƙansa, wai ya saci injin ban ruwa. Muka ɗaukaka ƙara. Ranar zama na ciko mota da shaidu: maƙwabta, wanzaminsa, har da gwaggonsa mai nauyin kunne.

Baba ya tare mu. "Ina zuwa da wannan gayya, 'yata? Biki ake yi?"

"Shaidu ne, Baba."

"Nan ba a jin shaida. Takardun kotun farko suke dubawa, su ga ko alƙalin can ya yi kuskure."

Na ce, "To takarda ce ta san mijina, ko wanzaminsa?" Gwaggo ta ce ita ba ta sha jijjigar mota don ta koma da maganarta a ciki ba.

Baba ya ga za mu kutsa a kore mu, mu ɓata wa maigidana shari'arsa. Sai ya jawo benci a baranda, ya gyara hula, ya ce, "Shaida na farko!" Ya saurare su ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai. Gwaggo ta faro tun daga ranar da aka yanke wa maigidan cibiya, bai katse ta ba. Wata mai shara a kotun ta ce mini haka yake yi wa kowa, har masu zuwa da limaminsu.

A cikin kotu lauyanmu ya nuna ba a bai wa mijina damar kare kansa ba. Ranar hukunci aka soke ɗaurin. Har yau Gwaggo cewa take yi shaidarta ce ta fito da shi, Baba kuma bai taɓa musa mata ba.

Baba, kai ne kunnen waɗanda aka hana magana. Maigidan ya rasu bara a kan gadonsa, ba wanda ya kira shi ɓarawo wajen jana'iza. Na gode, Allah ya saka da alheri. Ku masu tsaron ƙofofi, in ba ku da ikon shigar da mutum, ku ba shi wurin zama ya faɗi ta cikinsa.