Irin Barkonon Iya Tasalla

Kakata ta wajen uba, Iya Tasalla, ba ta taɓa mallakar gona ba. Abin da take da shi ɗan fili ne a bayan ɗakinta, a ƙauyenmu kusa da Roni, wanda ko tabarma uku ba zai ci ba. Nan take shuka barkononta, tsiduhu ɗan ƙanƙane, wanda ta zo da irinsa daga Gwiwa a bakin zane shekarar da aka kawo ta. Uwarta ce ta ba ta.

Na kasuwa zafi kawai ya iya, in ji ta. Nata kuwa sai ya fara yi maka ƙamshi, ka saki jiki, sannan ya gaishe ka. Guda biyu sun ishi tukunyar miyar kuka ta gidan duka.

Da hantsi takan tsuguna cikin shukar tana magana ƙasa-ƙasa. Ina yarinya na tambaye ta da wa take hira, ta ce da mutanen Gwiwa, wai idan iska ta kaɗa ganyen tana jin dakan gidansu da kukan shanun babanta. Na ce tsufa ne. Ta ce in bari nawa ya zo.

'Ya'yan da suka fara nuna ba a taɓa su. Sai sun bushe a jikin uwa take tsinkewa, ta ƙulle a tsumma, ta soke a rufin madafa inda hayaƙi ke korar ƙwari. Wannan ƙullin shi ne irin baɗi, kuma babu wani a ko'ina.

Bara na zo gida wankan haihuwar fari. Rani ya yi nisa, barkonon ci ya ƙare, Iya ta tafi Kazaure gaisuwar rasuwa. Ƙanwar mahaifiyata, Inna Sadiyya, da ta zo daga Babura don ta kula da ni, ta tashi daka mini yajin jego. Baƙuwa ce a madafar. Ta ga ƙulli a rufi, ta yi murna, ta juye a turmi da citta da kimba. Kwana uku ina barbaɗa shi a gasasshen nama ina sa mata albarka.

Iya ta dawo, tun daga zaure ta ce, "Ƙamshin garinmu nake ji." Ta leƙa madafa ta ɗaga kai, sannan ta zauna a ƙasa. Ban taɓa jin kunyar ƙoshi ba sai ranar.

Inna Sadiyya ta durƙusa. "Iya, ki gafarce ni, wallahi ban sani ba."

"Da kika tankaɗe, ina tsakin?"

Allah ya sa yana cikin ƙwarya, ba a sake dakawa ba. Muka baza shi a faifai. Idon Iya ya yi rauni, don haka mu biyu muka yi ta tsinta da tsinken tsintsiya muna atishawa, ita tana gefe tana kallon wani wuri mai nisa. Ƙwaya tara muka samu da taɓarya ba ta fasa ba.

Iya ta shuka su a fasasshiyar tukunya, tana yayyafa musu ruwa da yatsu. Na gama arba'in, amma Inna Sadiyya ta ƙi komawa Babura. Kullum da safe ita da Iya ke tsayawa a kan tukunyar.

Rana ta goma sha uku, tsiro biyu suka fito, kowanne da ɓawon irinsa a ka.

Iya ta daɗe tana dubansu, sannan ta dafa kafaɗar Inna Sadiyya. "Je ki gida yanzu, 'yata, yaranki na jira."

Sai da muka raka ta bakin hanya ta hau mota, muka dawo, sannan Iya ta zauna gaban tukunyar ta yi kukanta.